Hoton da Ya Ƙi Buɗewa a Shagon Mukhtar

Mukhtar taubashina ne. Innarsa ƙanwar babana ce, don haka tun muna yara ina da izinin zaginsa, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Ni direba ne, sunana Isa, ina jan ƙaramar mota tsakanin Gummi, Bukkuyum da Anka. Shi kuwa mai ɗaukar bidiyon biki ne. Shagonsa na bakin tashar Bukkuyum, daidai inda nake jiran layi, saboda haka rabin rayuwata a kan bencinsa na yi ta. Abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba. Ina wurin, kuma da kasona a ciki.

A Anka aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka shiga haƙar zinariya gadan-gadan a Bagega, gidansu kaf suka kwashe suka koma can, shi aka ba injin niƙa dutse. A tsakar gida ake niƙan. Ƙurar ta sauka a tukunya, ta sauka a tabarma, ta sauka a hannun yara masu rarrafe, ba wanda ya san akwai dalma a cikinta sai da yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa. Ƙanwarsa Rahina, 'yar shekara uku, a kan cinyarsa ta yi ta fizga har ta daina. A kwanakin ne baƙi suka cika garin, likitoci da masu ɗaukar hoto, Mukhtar ya riƙa bin masu kyamarar nan da ido duk inda suka yi. Bayan sadakar arba'in ya bar injin, ya tafi Gummi wurin wani mai hoto, ya shekara huɗu yana koyo.

Da ya sami 'yancin kansa sai ya sauka Bukkuyum da tsohuwar kyamara da wata kwamfuta da ta ga duniya. Batirinta ya mutu tun kafin ta shigo ƙasar nan, murfinta da roba yake ɗaure, in ta yi zafi tana kuka kamar injin markaɗe. Manhajar da yake haɗa bidiyo da ita irin ta kyauta ce, ta masu koyo, wadda aka sa masa tun a Gummi. Da waɗannan tarkacen ya ci da kansa, ya auri Surayya, suka haifi biyu. Kuma a yi masa adalci, ya iya aiki. Zai ɗauki ango mai fuska kamar an aiko masa da sammaci, ya fito da shi yana murmushi cikin furanni, tantabaru na tashi ta bayan hularsa. Daga Adabka har Gummi ana zuwa nemansa.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba. Bakin Mukhtar bai san yadda ake cewa "ban iya ba". Ya ɗinka wata 'yar shara mai aljihu takwas irin ta 'yan jarida, ya sa yara na kiransa Darakta. Ni kuma ina kiransa Daraktan Bakin Tasha, yana jin haushi, ina ƙarawa. Sau nawa na gaya masa girman kai rawanin tsiya ne, ya ce direba me ya sani ban da hon.

To, a shekarun baya-bayan nan sai sababbin wayoyi masu tsada suka fara shigowa hannun 'yan birni da dillalan zinariya. A biki sai wani ya ɗauki hoto da tasa, ya kawo wa Mukhtar ya ce a haɗa da na kyamara. In ya zuba a kwamfutarsa, murya ta fito tangaran, allo kuwa baƙi ƙirin. Ranar da na fara gani na tambaye shi ko aljanu ne suka shiga.

Ya ce, "Kai dai jaki na. Bidiyo kamar ƙunshin kaya ya ke. Kowace waya da irin ƙullin da taka yi mai don ya yi ƙanƙane, shi aka kira kodek. Manhajag ga tawa tsohon ƙulli tas sani. Sabbin wayoyin ga sun zo da sabon ƙulli, sai ta iya kwance murya, ta kasa kwance hoto. Daga waje sunan iri guda na, ciki na daban."

Na ce to ya nemo mai kwancewa mana. Ya ce akwai, ana saukewa a intanet, zai sauke. Shekara biyu yana zai sauke. Abin da yake yi a maimakon haka shi ne ya dubi mai wayar ido cikin ido ya ce masa wayarsa ba ta ɗauka ba, ko hannunsa ya taɓa wani wuri. Mutum ya tafi yana zargin kansa. Sai dai ba ya gogewa. Wanda ya yi aikin zinariya ba ya zubar da yashin da aka wanke, don wata rana ana sake wanke shi. Ya buɗe wata ma'ajiya a kwamfutar ya sa mata suna Shara, duk hoton da ya ƙi buɗewa can yake jefa shi. Ni kaɗai na san da ita.

Sai shekarar da aka rufe sabis ɗin waya a jihar nan saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. An hana kasuwannin mako, man fetur sai an auna maka kamar magani. In abu ya faru a ƙauye, sai wanda ya tsira ya iso da ƙafarsa kafin a sani.

Wata Juma'a a cikin kwanakin Mukhtar ya tafi Gummi ɗaukar bikin ɗan Alhaji Hammadu, wani mai shanu da yawa. A yammacin ranar, bayan la'asar kaɗan, 'yan bindiga suka faɗa Tungar Bawa, wani ƙaramin ƙauye gaba da Adabka. Ina cikin waɗanda aka tura da safiyar Asabar kwaso mutane. Na yi shekara ashirin a kan hanya, na ga haɗari iri-iri, ban taɓa ganin irin wannan ba. Sun tare maza a gona suna yankan gero, suka harbe wasu, waɗanda suka gudu suka bi su a kan babura da adda. Sun cinna wa rumbuna wuta da mutane a ciki. Wani tsoho na same shi a bakin rijiya, guga na hannunsa, an raba kansa biyu. Gawa goma sha tara muka jera a ƙarƙashin tsamiya. Na ɗauko mata uku masu rauni a bayan motata, jini ya jiƙa kujera har ya riƙa ɗiga ta ƙofa, ɗayarsu mai ciki ce, harsashi ya shiga ta ƙugunta.

Cikin gawarwakin akwai 'ya'yan Sharu biyu da ƙanensa. Sharu tsohon maharbi ne, shi ne shugaban 'yan sa-kai na yankinmu. Da hannunsa ya haƙa kaburburan ukun, bai yarda kowa ya taya shi ba, kuma bai yi hawaye ba. Ni da na gan shi a lokacin na san wani zai biya, ko ya ci ko bai ci ba.

Ranar Lahadi da hantsi ina kan bencin Mukhtar muka ji hayaniya daga wajen kantin magani. Kafin mu miƙe sai ga taro ya nufo mu, suna jan wani Bafillace dogo da igiyar shanu a wuya. Na san shi sama-sama. Sambo sunansa, rugarsu na tsakanin Bukkuyum da Gummi, ya shigo gari sayen maganin zazzaɓi. Wata da ta tsira daga Tungar Bawa ta ce ta ga mai tsawonsa da irin rawaninsa a cikin maharan, shi ke nan. Sun riga sun farfasa masa baki, ido ɗaya ya rufe, an ɗaure hannuwansa ta baya har gwiwoyin hannun sun haɗu. Duk wanda ya sami wuri sai ya kai masa gora ko dutse. Yana ta faɗin abu ɗaya, da Hausa da Fillanci.

Sharu ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya tsaya a ƙofar shagon da bindigarsa a kafaɗa.

"Mukhtar, kai kaɗ ɗauki bikin gidan Alhaji Hammadu ran Juma'a?"

"Ni na, Baba Sharu."

"Wanga ya ce shanun Alhaji shika kiwo. Ya ce ran nan shina Gummi har magariba, ya kai bajimin sa na yankan biki, kuma an ɗauke shi hoto. Ka gane shi?"

Mukhtar ya dubi fuskar da ta kumbura, ya ce mutane sun fi ɗari biyar a wurin, ba zai iya rantsuwa ba. Wannan gaskiya ya faɗa. Wani ya ce a aika Gummi a tambayi Alhajin, aka ce ai ya wuce Sakkwato asibiti tun jiya. Sharu ya ce shi ba ya son shaidar baki ma, kowane ɓarawo yana da mai rantse masa, gani ya kori ji. A kunna bidiyon.

Aka tada janareto. Aka durƙusar da Sambo a gaban kwamfutar, mutane suka cika shagon har taga. Minti hamsin bidiyon yake, kuma duk aka kalle shi, ba a tsallake ko'ina ba. Ga ɗaurin aure, ga maroƙa, ga furanni da tantabarun Mukhtar suna tashi a kan allo, mutum na zubar da jini a ƙasa yana leƙen fuskarsa a cikin taro. Duk sanda aka nuno sabon wuri sai ya ɗago kai. Har bidiyon ya ƙare babu shi, babu sa.

Sambo ya ce, "Wallahi an ɗauke ni. Wani yaro mai farin gilashi, da waya. A ƙofar gida."

 Na dubi Mukhtar na ga wuyansa ya jiƙe da gumi. Sharu ya juyo gare shi.

"Dut abin da anka ɗauka shina cikin wanga? Ba ka rage komi ba?"

Shagon cike yake da mutanen da ya taɓa gaya wa wayarsu ba ta ɗauka ba. Ga bindigogi, ga idon Sharu. Ban san wanne ya fi rinjayarsa ba, tsoro ko kunya, shi ma na tabbata bai sani ba.

Ya ce, "Ban rage komi ba, Baba Sharu."

Ni kuma ina tsaye a jikin ƙofa, na san da Shara, na ja bakina na yi gum. Wannan shi ne kasona.

Suka ja Sambo waje. Wani ya sa ƙotar bindiga ya buge shi a ƙeya, ya kifa, suka ja shi a ƙasa har gindin darbejiyar tasha suka ɗaure. Sharu ya ce a bar shi ya tuna sunayen abokansa, bayan la'asar za a kai shi daji. Babu yaron da bai san ma'anar kai mutum daji ba.

Da shagon ya watse Mukhtar ya tura ƙofa, ya buɗe Shara. Ashe ranar bikin batirin kyamararsa ya mutu da yamma, ƙanen ango da ya zo daga Kaduna ya ɗauki sauran da wayarsa, ya tura masa guda shida kafin ya koma. Duk shidan baƙi. Ya kunna na farko, kiɗa. Na biyu, mata na guɗa. A na huɗu muka ji kukan bajimin sa, da muryar wani yana lallashinsa da Fillanci, sai wata murya ta 'yan birni ta ce, "Sambo, juyo nan mana a gan ka." Can nesa ladan na kiran la'asar. Allo kuwa baƙi, sai fuskokinmu biyu muke gani a cikinsa.

Na ce, "Tashi mu tai mu hwaɗa ma Sharu yanzu."

Ya ce, "In ce mai mi? Na yi mai ƙarya gaban jama'a? Sambo nawa ag ga ƙasag ga? Cewa za ya yi murya ta, kowa na iya yin ta. Sannan ya ce ni ma ɗan leƙen asirinsu na, ya ɗaure ni gindin iccen nan. Bari in kawo hoton, in ya gani da idonai ba sauran magana."

Na san ba daidai ba ne. Na kuma san abin da ake yi wa wanda aka kira ɗan leƙen asiri, don na ga an yanka wani a kan haka a bakin kasuwa. Sai na yarda da shi, saboda yardar ta fi sauƙi.

Babu sabis balle a sauke mai kwancewa. Muka gwada wayata, muka gwada tasa, muka gwada ta mai shayi, duk ƙananan wayoyi ne, ko dai su ce ba za su iya ba ko su ba da murya kawai. Sai Mukhtar ya tuna da Faruku, wani dillalin zinariya da suka yi zaman Bagega tare, yanzu yana Anka, yana riƙe da irin wayar nan sak. Ya tura hoton cikin 'yar wayarsa, ko ba ta buɗewa ai tana ɗauka, ya rataya kyamara. Na duba mai, na ga zai kai mu ya dawo da mu in ban yi wasa ba. Sha ɗaya saura muka fita. Da muka wuce darbejiya Sambo na zaune kansa a sunkuye, ƙudaje sun rufe masa fuska, yara na jifarsa da tsakuwa. Sharu na zaune a kan turmi, taku goma daga hanya. Da na taka birki na leƙa na ce masa a jira mu, da numfashi ɗaya ya isa. Amma ban tsaya ba, totur na taka.

Hanyar ranar babu kowa. Mun wuce wata motar ɗaukar kaya da aka ƙona, tana hayaƙi har lokacin, direban na ciki a kan sitiyari ya zama gawayi. Ban rage gudu ba. Gaba kaɗan wasu 'yan sa-kai na wani gari suka tare mu da itace a kan hanya. Suka ga kyamara, suka fito da Mukhtar ta kwala, wani yaro da bai kai ƙanensa ba ya kwaɗa masa mari har sau uku yana tambayarsa wa yake ɗaukar wa hoton hanya. Suka kwantar da mu a kwalta da rana tsaka, bakin bindiga a bayan kunnena, suna bincike har ƙarƙashin kujera. Jinin matan jiya da suka gani ya ƙara dagula lamarin. Allah ya kawo wani dattijo a cikinsu wanda na taɓa kai matarsa haihuwa, shi ya sa aka sake mu. Mun bar kusan minti arba'in a wurin.

Mun sami Faruku a gida yana cin abinci. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya tsame hannu daga kwano. Mukhtar ya tura masa hoton waya da waya, irin turawar da ba ta bukatar sabis. Faruku ya danna.

Ya buɗe kamar ba shi ne ya wahalar da mu ba. Ga ƙofar gidan Alhaji Hammadu da rumfar biki. Ga farin sa mai ƙaho. Ga Sambo riƙe da igiya, da rawaninsa, fuskarsa lafiya lau, aka ce ya juyo ya juyo yana dariyar kunya, ya sa hannu ya rufe baki. Ango na gefensa cikin babbar riga. Ladan na kira. Daƙiƙa arba'in da ɗaya ne duka. Mukhtar ya zauna a ƙasa daɓas.

Na ce wa Faruku ya zo mu tafi da wayar. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai shiga tsakanin Sharu da Bafillace ba, kuma wayarsa ba ta fita gidan nan, akwai abubuwan mutane a ciki. Na zage shi ta uwa ta uba, bai ko ɗaga kai ba. Mukhtar ne ya yi dabara. Ya sa aka rufe taga, ya jingina wayar a jikin kwano, ya saita tsohuwar kyamararsa a kan allon wayar ya ɗauka. Sau biyu ya ɗauka don kada hannunsa ya yi rawa. Hoton ya ɗan dushe, amma ko makaho ya shafa ya san Sambo ne. Ranar ce kaɗai na ga amfanin aljihu takwas, don a ɗaya daga ciki ya sami batirin da ya rage.

Yadda na yi tuƙin dawowa ban taɓa yin irinsa ba, ba kuma zan sake ba. Mukhtar na rungume da kyamara a ƙirji yana duban rana ta taga, yana cewa da saura, da saura. Kuma da sauran. Uku da 'yan mintoci muka shigo Bukkuyum, ko alwalar la'asar ba a fara ba.

Babu kowa a gindin darbejiya. Igiya ce kawai a jikin itacen, an yanke ta, da takalmin roba ƙafa ɗaya. Mai shayi ya nuna mana bayan tasha da haɓa. Daga baya muka ji cewa matar nan mai ciki da na ɗauko ta cika ana sallar azahar. Da labarin ya iso tasha, mijinta ya zo da adda, jama'a suka biyo shi, ba wanda ya ga dalilin jiran la'asar.

A ramin da ake ɗibar ƙasar gini muka same su. Mutane sun fara watsewa, kowa na kauce wa idon kowa. Sambo na kwance a ƙasan ramin a kan gefensa, hannuwansa na ɗaure har yanzu. Sun sassare shi a kafaɗa da wuya, sun jefe shi da tubalan ƙasa har kansa ya canza kama. Ƙullin maganin zazzaɓin ya faɗo daga aljihunsa, an tattake shi. Sharu na tsaye a bakin ramin.

Mukhtar ya nufe shi. Ya buɗe ɗan allon kyamarar ya miƙa masa. Sharu ya kalla har ƙarshe. Ya ce a mayar, aka mayar. Waɗanda ke kusa suka matso, muryar nan ta fito a fili tana cewa Sambo ya juyo a gan shi. Wani ya fara salati. Mijin matar ya saki addar, ya dafe kai ya tsuguna.

Sharu ya ce, "Ina wanga ya ke da sahe?"

"Shina cikin kwamfuta, Baba. Ba ta iya buɗe shi. Ni nic cire shi."

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

Ban ga sanda ya juya bindigar ba. Ƙotar ta sami Mukhtar a baki, na ji ƙarar haƙora, ya faɗi da baya. Sharu ya bi shi ya ƙara masa a haƙarƙari, ya ƙara, na faɗa a kan Mukhtar na ce ya haɗa da ni don ni ma na sani. Ya ɗaga ƙotar a kaina, ya tsaya haka. Tsohon da ya binne 'ya'yansa bai yi kuka ba, sai ga hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Da kun ce min akwai saura, da na tsare shi. Da na sa shi ɗaki na zauna bakin ƙohwa, ko zuwa gobe na. Kun bar ni na ɗauki jinin bawan Allah na ɗora bisa na ɗiyana."

Ko da gaske zai iya tare taron nan, Allah kaɗai ya sani. Na sha juya maganar a raina ina neman inda za ta ba ni sauƙi. Amma na san Sharu, in ya zauna a bakin ƙofa ba a tsallake shi.

Shekaru sun wuce yanzu. Mukhtar na nan a bakin tasha, haƙoransa huɗu na gaba babu, in ya yi dogon numfashi haƙarƙarin na tuna masa. Ranar da aka dawo da sabis ya sauke mai kwancewar nan, ina zaune, ko shayina ban shanye ba ya gama sauka. Ya daɗe yana kallon allon. Ya ci gaba da ɗaukar biki don yara na cin abinci, amma ya daina zuwa Gummi. Ni kuma har yau ina zama a bencinsa, sai dai zagin ya ƙi fitowa, sai mu yi ta kallon motoci.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yammacin ranar. Ba wanda ya yarda ya taɓa gawar. Mukhtar, da baki cike da jini, ya sauka ramin ya kwance igiyar, ya ce a kai shi gida. Na ce masa in muka shiga ruga da wannan ba lalle mu fito ba. Ya ce to in ba shi makulli. Muka naɗe Sambo a tabarmar shago muka sa a bayan mota.

Rana ta yi ja muka isa. Mazan rugar duk sun shige daji da shanu tun da suka ji an kama shi, sai mata da yara. Matarsa na kwance a bukka da zazzaɓin da ya je saya wa magani. Innarsa ce ta fito, wata 'yar tsohuwa siririya, Aisatu. Ta buɗe tabarmar ta wajen ƙafa, ta duba, ta mayar ta rufe. Ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi bakin Mukhtar, ta ɗauka wajen kare ɗanta aka yi masa haka, ta koma ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta ba shi ya wanke. Har albarka ta sa masa. Sannan ta tambaye shi a hankali.

"Ɗana, bai hwaɗa musu shina Gummi ba?"

"Ya hwaɗa, Inna."

"To dut garin ba a samu mutum guda da yas san gaskiya tai ba?"

Na kama rigar Mukhtar ina ja, don mota na kunne kuma duhu na zuwa. Ya fizge. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya durƙusa a gabanta.

Ya ce, "An samu, Inna. Ni na."